Yusef Lateef da Tasirinsa a Kan Kiɗan Yayi: Daga Detroit Zuwa Zariya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1981 Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta karɓi wani baƙo daga Amurka, dattijo mai kimanin shekara sittin, a matsayin babban jami'in bincike. Sunansa Yusef Abdul Lateef, watau Yusuf Abdullaɗif a bakin Bahaushe. Ya zauna a Zariya har zuwa 1985 yana koyarwa, yana kuma nazarin sarewar Fulani da kaɗe-kaɗen ƙasar Hausa. A can ƙasarsu kuwa, an daɗe da saninsa a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen busa saksofon, kuma ɗaya daga cikin na farko da suka shigar da kayan kiɗan Larabawa da na Indiya da na Sin cikin kiɗan jaz, tun a 1957.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana hanyoyin da fasahar wannan mabushi ta bi ta malala daga ɗan ƙaramin fagen jaz zuwa kaɗe-kaɗen da miliyoyin mutane suke saurare, waɗanda akasarinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Batun ya shafi masu nazarin harsunan Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, Lateef ya shafe shekaru da dama yana jayayya da wata kalma guda, watau sunan da aka laƙaba wa sana'arsa, kuma akwai darasi a cikin wannan jayayya ga duk mai aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Ta biyu, yana cikin waɗanda suka taimaka wajen rubuta bayanin kiɗan Hausa a lokacin da manyan makaɗan gargajiya da yawa suke raye.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Saksofon abin busa ne na tagulla wanda Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya ƙera, ya kuma yi masa rajista a Faransa a 1846. A bakinsa akwai siririn harshe guda ɗaya na kara, wanda yake kaɗawa idan an hura iska. A nan ya bambanta da algaita, wadda take da irin wannan harshe guda biyu a haɗe. 'Yar'uwar algaita a kayan kiɗan Turawa ita ce obo, kuma za a ga muhimmancin wannan dangantaka nan gaba.

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka samar a farkon ƙarni na ashirin, musamman a birnin New Orleans. Babbar alamarsa ita ce ƙirƙira nan take: makaɗa sukan fara da wani sanannen kari, sa'an nan kowa ya karɓa ya sarrafa shi yadda ya ga dama, daga ƙarshe a koma wa karin farko, kamar yadda makaɗin baka yake yawo cikin ɗiyan waƙa ya dawo gindinta. Bulus kuwa ita ce tsohuwar waƙar baƙaƙen fatar kudancin Amurka, wadda jaz ya sha daga gare ta.

An yi amfani da “kiɗan yayi” a wannan takarda da nufin kiɗan da ake shiryawa don kasuwa, ake yaɗawa ta faifai da rediyo da intanet, kamar rok da hip-hop. “Matakalar sauti” kuma na nufin jerin sautukan da ake gina kari a kansu, daga na ƙasa zuwa na sama.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Lateef ran 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga ta jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. A 1925 iyayensa suka koma Detroit, birnin masana'antun mota, inda mahaifinsa ya sauya sunan gidan zuwa Evans. A nan ya tashi tare da wasu yaran da suka zama fitattun makaɗa daga baya, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell. Ya fara busa tun yana makarantar sakandare, kuma a 1949 ya kai matsayin da Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin jagororin salon bibob, ya ɗauke shi cikin babbar ƙungiyarsa.

A daidai wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, wadda ta jawo makaɗan jaz da dama a wancan zamani, ya kuma ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. A 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne don koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Ya fara fitar da faya-fayai da sunansa a 1957 a ƙarƙashin kamfanin Savoy. Bayan ya koma New York a 1960, ya yi aiki da Charles Mingus da kuma Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Nijeriya, sa'an nan ya shiga ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Har ila yau, ya yi busa a faifan Uhuru Afrika na Randy Weston a 1960, da The African Beat na Art Blakey a 1962, wanda Solomon Ilori, wani makaɗin ɗan Nijeriya, yake ciki. Ke nan alaƙarsa da kiɗan wannan ƙasa ta girmi zuwansa Zariya da shekara ashirin.

Bai bar karatu ba duk da wannan shahara. Ya sami digiri na farko a 1969 da na biyu a 1970 a Makarantar Kiɗa ta Manhattan, sa'an nan digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts a 1975, inda kundinsa ya kwatanta tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. Tun daga farkon shekarun 1980 ya daina wasa a gidajen rawa inda ake sayar da giya. Ya sami kyautar Grammy a 1988, kuma a 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo mafi girma da take bai wa makaɗan jaz. Ya rasu ran 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

3.0 Sabon Abin da Ya Zo da Shi

Domin a gane gudummawar Lateef, wajibi ne a san halin da jaz yake ciki a shekarun 1950. Salon bibob, wanda Charlie Parker da Gillespie suka kafa, ya ginu ne a kan gungun sautuka masu sauyawa da sauri, ta yadda mai busa yake ta tsalle daga wannan gungu zuwa wancan. Gwaninta a lokacin ita ce sauri da iya bin waɗannan sauye-sauye ba tare da tuntuɓe ba. Lateef ya ƙware a wannan salo, amma da ya fara shirya nasa faya-fayan sai ya ga cewa in ya tsaya nan, zai yi ta maimaita abu guda ne.

Detroit ta ba shi mafita, domin birni ne mai Larabawa da yawa waɗanda aikin masana'anta ya kawo. Kamar yadda ya bayyana a hirarrakinsa, wani mutumin Siriya da suka yi aiki tare a masana'antar mota shi ne ya haɗa masa rababa, watau wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan goge. Ya kuma samo argul, abin busa mai bututu biyu na Masar da ƙasashen Sham, ya yi ta zuwa ɗakin karatu na birnin yana nazarin kaɗe-kaɗen sauran al'ummu. A faya-fayansa na 1957, kamar Jazz Mood da Prayer to the East, an ji waɗannan kaya tare da saksofon da ganguna, har ma akwai inda aka yi amfani da kwalbar lemo da balan-balan.

Sauyin bai tsaya a kayan kiɗa ba. A wasu kaɗe-kaɗen nasa Lateef ya rage yawan sauye-sauyen gungun sauti, ya bar sauti guda ko gajeren kari guda yana ta nanatuwa a ƙasa, shi kuma yana yawo a bisa matakalar sauti ɗaya. Wanda ya saba da goge ko kukuma ko algaitar fada ba zai ga baƙon abu a nan ba, amma ga kunnen mai sauraron jaz na wancan lokaci sabon abu ne. Wannan ya faru ne shekara biyu kafin faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, wanda ya yaɗa irin wannan tsari a duniya. Daɗin daɗawa, Lateef ya mai da obo abin busa bulus, yana lanƙwasa muryarta kamar ta algaita, alhali a da an fi saninta a ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai.

Faifan da ya tattara waɗannan abubuwa duka shi ne Eastern Sounds, wanda aka ɗauka rana guda, 5 ga Satumba, 1961, tare da Barry Harris a kan fiyano, da Ernie Farrow, da Lex Humphries. Daga cikin kaɗe-kaɗe tara da ke ciki, uku sun yi doguwar tafiya a kiɗan yayi: “The Plum Blossom”, wanda ya busa da wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai, da kuma wasu karurruka biyu da ya ɗauko daga fina-finan Spartacus da The Robe.

4.0 Hanyoyin da Tasirinsa Ya Bi

4.1 Ta Hannun John Coltrane

Hanya ta farko ba ta kai-tsaye ba ce. John Coltrane, wanda ya zama mabushin saksofon mafi tasiri a shekarun 1960, aminin Lateef ne. A wata maƙala da mujallar DownBeat ta buga a 1960, Coltrane ya bayyana sha'awarsa ga kiɗan ƙasashen Gabas, ya kuma ambaci Lateef a matsayin wanda ya riga ya jima yana amfani da shi. Shekara guda bayan haka Coltrane ya fitar da Africa/Brass, ya kuma ɗauki kiɗansa mai suna “India”, dukansu a kan wancan tsari na sauti guda mai nanatuwa. Shi ma Lateef ya tsara wani kiɗa, “Brother John”, don girmama abokin nasa.

Daga nan ne abin ya tsallaka zuwa rok. A ƙarshen 1965 'yan ƙungiyar The Byrds ta Amurka suna yawon wasa, suna ta sauraron kaset mai ɗauke da kiɗan Coltrane da na Ravi Shankar na Indiya. Sakamakon haka shi ne waƙarsu “Eight Miles High” ta 1966, wadda mai jitarsu, Roger McGuinn, ya faɗa da bakinsa cewa busar Coltrane yake kwaikwayo a cikinta. Masana tarihin rok suna lissafa wannan waƙa cikin waɗanda suka buɗe sabon salo na dogon kaɗa jita a bisa matakala guda.

Sai dai ya kamata a yi adalci. Ba Lateef kaɗai ne mafarin sha'awar Coltrane ba, domin ya saurari Shankar da Olatunji da wasunsu. Haka kuma shigar molon Indiya mai suna sitar cikin waƙoƙin The Beatles a 1965 ta bi wata hanya ce dabam. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne Lateef yana cikin waɗanda suka share fagen, kuma Coltrane da kansa ya shaida hakan.

4.2 Aro Kai-tsaye

Hanya ta biyu ta fi fitowa fili. A 1966 wani saurayi ɗan shekara goma sha takwas a Landan, mai laƙabin Cat Stevens, ya fitar da waƙarsa ta farko, “I Love My Dog”, wadda ta kai mataki na 28 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. Karin waƙar na “The Plum Blossom” ne, an ɗora masa baitoci, amma ba a ambaci sunan Lateef a jikin faifan ba. Bayan shekaru, mawaƙin ya amsa cewa aro ya yi, ya sanar da Lateef, ya biya shi kuɗi, aka kuma shiga sanya sunansa cikin waɗanda suka tsara waƙar. Wannan mawaƙi shi ne wanda ya musulunta a 1977, ya zama Yusuf Islam a 1978.

Wannan misali yana nuna abu biyu. Na ɗaya, karin da aka gina a kan 'yan sautuka kaɗan, saboda iyakar abin da sarewar yumɓu za ta iya fitarwa ke nan, shi ne ya fi sauƙin kamawa a bakin jama'a. Na biyu, aron kari tsohuwar al'ada ce a kowace al'umma, amma da zarar kuɗi sun shigo, sai tambayar mai shi ta taso. A nan an warware matsalar ba tare da zuwa kotu ba, domin wanda ya yi aron ne ya kai kansa.

4.3 Gutsuren Sauti

Hanya ta uku ita ce ta fi nisan zango. Tun daga shekarun 1980 masu shirya kiɗan hip-hop suke amfani da na'ura su gutsuro 'yan daƙiƙoƙi daga tsohon faifai, su sa gutsuren ya riƙa zagayowa, su ɗora masa ganga da murya. Ba kowane faifai ne ya dace da wannan aiki ba. Kiɗan bibob mai sauri da yawan sauyi yana da wuyar yanka, domin in an datse shi a tsakiya sai ya zama kamar jimlar da ba ta ƙare ba. Kiɗan Lateef kuwa, da yake a natse yake, kuma an gina shi a kan gajeren kari mai nanatuwa, ana iya yanko yanki guda ya tsaya da ƙafarsa. Watau abin da ya ɗauko daga kiɗan Gabas a 1957 shi ne ya sa faya-fayansa suka dace da na'urar da ba a ƙera ba tukuna a lokacin.

Alal misali, mawaƙin nan MF DOOM ya gina waƙarsa “Who You Think I Am?” ta 1999 a kan “Eastern Market”, daga faifan Yusef Lateef's Detroit na 1969. Amma wanda ya fi kowa yaɗa sautin Lateef ga sabon zamani shi ne Jun Seba, mutumin Japan da aka sani da Nujabes. A faifansa Metaphorical Music na 2003 ya gina “The Final View” a kan karin Spartacus, sa'an nan a Modal Soul na 2005 ya gina “Feather” a kan karin The Robe, dukansu daga Eastern Sounds. Nujabes ya rasu a haɗarin mota a Tokyo a 2010, amma ana ɗaukarsa ɗaya daga cikin iyayen salon nan mai sanyi da ake kira lo-fi, wanda ya bazu a YouTube a shekarun 2010, ɗalibai suna kunna shi lokacin karatu.

In aka bi sawun karin Spartacus kaɗai, za a ga Alex North ne ya tsara shi don fim a 1960, Lateef ya sake masa kama da obo a 1961, wani mutumin Tokyo ya gutsure shi a 2003, daga nan ya shiga wayoyin matasa a ko'ina. A kowane zango an ƙara wani abu, an kuma rage sanin inda aka fito.

4.4 Littafin Matakalai

Hanya ta huɗu ta takarda ce. A 1981 Lateef ya wallafa Repository of Scales and Melodic Patterns, wani babban kundi da ya tattara matakalan sauti da salon jera su daga al'adu daban-daban na duniya. A cikinsa ne aka buga zanen da'irar nan ta sautuka da Coltrane ya yi da hannunsa ya ba shi. Littafin ya zama abin bita ga ɗaliban kiɗa, kuma da yake irin waɗannan ɗalibai su ne suke zama makaɗan ɗakunan ɗaukar faifai, wannan tasiri ne da ba a iya ƙidaya shi, ko da yake yana nan.

5.0 Shekarun Zariya

Zaman Lateef a Zariya ya haifar da ayyuka uku da ake iya nunawa. Akwai faifan Hikima na 1983, wanda ya yi tare da makaɗan Cibiyar. Akwai In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan, ya fito a Amurka a 1985. Sai kuma littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda suka rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga a Legas a 1987. Wannan littafi ya zo ne bayan ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, kuma kafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Sa'idu Muhammad Gusau. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ɗaya daga cikin marubutansa mabushi ne da ya kwashe shekara arba'in yana sana'ar, saboda haka ya dubi kayan busa da idon mai amfani da su.

Ba abin mamaki ba ne da sarewa ta ja hankalinsa. Ita kara ce ko icce mai rami, da 'yan huji kaɗan, wadda makiyayi yake busawa a karkace. Duk abin da za a ji daga gare ta ya dogara ne ga numfashi da leɓe da yatsun mai busa, ba ga yawan maɓallai ba. Wannan shi ne abin da Lateef ya daɗe yana nema, watau abin busa ya kusanci muryar ɗan'adam. A ƙasar Hausa kuma wannan kusanci ya wuce kamance kawai, domin algaita da kakaki da kalangu suna faɗin take da kirari ta hanyar bin hawa da saukar karin sautin harshe, har mai sauraro ya gane kalmomin da ake nufi. A nan ne nazarin kiɗa da nazarin harshe suke haɗuwa.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce Zariya ce ta samar da salon Lateef, domin ya zo da shi a nune. Haka nan tasirinsa a kan kiɗan yayi ya fito ne daga faya-fayan da ya yi kafin zuwansa. Abin da Zariya ta ba shi shi ne damar zama da masu irin kiɗan da ya daɗe yana karantawa a littattafai, ya ji daga bakinsu.

6.0 Suna Linzami

Abin da ya fi shafar masanin harshe a rayuwar Lateef shi ne ƙin jinin da ya yi wa kalmar “jaz”. An fara ganin kalmar a rubuce a jaridun California a 1912 cikin labarin wasanni, aka jingina ta ga kiɗa a Chicago wajajen 1915. Lateef ya kafa hujja da ƙamusoshin Ingilishi, inda ake samun ma'anonin shirme da maganar banza da kuma ma'ana ta batsa a ƙarƙashin kalmar. A ganinsa, sunan da ke ɗauke da irin wannan kaya yana rage darajar fasahar da masu yin ta, yana kuma taimakawa wajen tsare ta a gidajen giya. Ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba, domin Duke Ellington da Max Roach su ma sun nuna rashin gamsuwa da kalmar.

Madadin da ya kawo shi ne “autophysiopsychic”, wadda ya harhaɗa daga saiwoyin Girkanci uku masu nufin kai, da jiki, da rai. Ma'anarta ita ce kiɗan da yake fitowa daga jikin mutum da tunaninsa da ruhinsa. Ya sa wa faifansa na 1977 wannan suna, ya kuma koyar da darasi da shi. Amma kalmar ba ta kama bakin jama'a ba. Lambar yabon da gwamnatinsu ta ba shi a 2010 tana ɗauke da kalmar da ya ƙi, kyautar Grammy ta 1988 kuwa an ba shi ita ne a wani rukuni mai wani sunan dabam da kasuwa ta ƙirƙira. Ita ma wannan takarda ba ta sami mafita ba sai da ta yi amfani da “jaz”.

Kwatanci da Fela Anikulapo-Kuti zai haskaka dalili. Fela ya fara kiran kiɗansa “hailaif jaz”, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1960 ya sauya zuwa “Afrobeat”, kuma sunan ya zauna daram. Kalmar Fela gaɓa uku ce, an gina ta da sassan da kowa ya sani, tana kuma nuni ga wani sauti da kunne yake iya bambancewa. Ta Lateef gaɓa bakwai ce, saiwoyinta sai masu ilimi, kuma tana bayyana inda kiɗa yake fitowa ne, abin da ya shafi kowane irin kiɗa na gaskiya. Ma'anarta ta yi daidai da nufin mai ita, amma ba ta iya yin aikin suna, watau rarrabe wannan da wancan a kasuwa da gidan rediyo.

Masu aikin keɓaɓɓun kalmomin Hausa, tun daga Hausa Metalanguage na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, sun san wannan matsala. “Jirgin sama” ya zauna, amma “na'ura mai ƙwaƙwalwa” ta sha kaye a hannun “kwamfuta” a maganar yau da kullum. Haka kuma damuwar Lateef game da darajar suna ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda kalmar “maroƙi” take ɗauke da wani nauyi na ƙasƙanci, har wasu masu sana'ar suka fi son a kira su makaɗa ko mawaƙa ko masu fasaha. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta bai wa Mamman Shata a 1988 ya sa “Dokta” ya shiga gaban sunan makaɗin kalangu, kuma jama'a sun riƙe wannan laƙabi har bayan rasuwarsa a 1999.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa tasirin Yusef Lateef a kan kiɗan yayi ya bi hanyoyi huɗu: ta hannun Coltrane zuwa rok, ta aro kai-tsaye, ta gutsuren sauti a hip-hop, da kuma ta littafin koyarwa. Tushen dukansu guda ne, watau matakin da ya ɗauka a 1957 na rage sauri da yawan sauyi, ya gina kiɗa a kan gajeren kari mai nanatuwa da muryoyin kayan kiɗan wasu al'ummu. An kuma nuna cewa ya yi nasara wajen sauya abin da kunne yake ji, amma bai yi nasara wajen sauya sunan da baki yake faɗa ba.

Akwai aiki biyu da suka rage ga masana a nan gida. Na farko, Hausa tana da wadatar sunayen kayan kiɗa da na rukunonin makaɗa, amma kalmomin bayyana ginin sautin kansa suna da ƙaranci a rubuce, shi ya sa aka ƙirƙiri “matakalar sauti” da “gutsuren sauti” a wannan takarda. Kafin a ci gaba da irin wannan ƙirƙira, ya kamata a koma ga masu sarewa da algaita da goge a tattaro kalmomin da suke koyar da yaransu da su, domin waɗannan sun riga sun zauna a bakin masu sana'ar. Na biyu, na'urar da ta gutsuri Eastern Sounds tana iya gutsurar kowane tsohon kaset na makaɗan Hausa. Lateef ya sami haƙƙinsa ne saboda akwai faifai mai ɗauke da sunansa da ranar da aka ɗauka. Makiyayin da ya busa sarewa a gaban na'urar ɗaukar magana ba zai sami haka ba, sai in mai binciken ya rubuta sunansa da garinsu da ranar, ya kuma adana su tare da sautin.